Tsarabar da ƙanena ya kawo wa Inna

Har yau raina yana ɓaci in na tuna ranar da ƙanena ya dawo Gure daga Yamai. A gaban baƙin da suka zo yi masa sannu da zuwa ya miƙa wa mahaifiyarmu kwalbar ruwan kurkure baki da fakitin cingam. Wai asuwakin da take yi da asuba ba ya kai ta la'asar. Inna ta karɓa, ta sa masa albarka. Tun daga ranar, in za ta yi magana sai ta kare baki da mayafi.

Da wannan bakin ta riƙa tauna masa nama kafin ya yi haƙori, kuma ban taɓa ganin ya tofar ba.