Fuskar Inna a Madubin Banɗaki

A wani shagon tsofaffin littattafai da ke unguwar Brickfields na sayi littafin, ana saura 'yan makonni a kulle gari saboda korona. Na masu zanen Faransa ne na zamanin da suka tumɓuke sarkinsu, waɗanda suka ɗauki Girkawa da Rumawan da a matsayin malamai: layi a miƙe, fata sumul, ba ka ganin inda burushi ya bi. Mun taɓa su sama-sama a kwalejin horon malamai a Kano, inda na karanta zane, amma a hoto baƙi da fari mai dishi-dishi. Wannan kuwa da launinsa. Maigidana, wanda karatun digirinsa na uku ya kawo mu Kuala Lumpur, ya jujjuya littafin ya ce, "Malama, wannan kuma na mene ne?" Na ce na kallo ne. Ban ga laifinsa ba. A Kano malamar zane ce ni. A nan takardar zamana ta ce a ƙarƙashin miji nake, ba aiki, matan sauran ɗalibai kuma ba su san ni da komai ba sai ƙunshi ranar jajibirin Salla.

Akwai shafin da nake yawan komawa. Wani daga cikinsu ne ya zana kansa. Littafin ya ce a tsare yake lokacin, siyasa ta juya masa baya, bai san ko kansa zai kwana a wuyansa ba. Shi ne aka kawo masa madubi da fenti. Ga shi nan cikin riga ruwan ƙasa, burushi a hannu ɗaya, allon haɗa launi a ɗayan. Yana da kumburi a kunci, ya tura wannan gefen cikin inuwa, ya kuma rage wa kansa shekaru, don ba mai hana shi. Amma idanun nan! Ƙur, ba ƙiftawa, duk inda ka koma suna kanka. Ranar farko dariya na yi, na ce wannan bawan Allah ba a koya masa kunya ba. Mutum yana bakin kabari, amma abin da ya dame shi a san cewa shi mai zane ne.

Sai aka kulle mu mu ma. Mutum ɗaya ake bari ya fita cefane a kowane gida, maigida ke nan. Ni da 'yata muna sama a bene, tana karatu ta kwamfuta, ni ina kallon jirgin ƙasan nan mai tafiya a kan gada yana wucewa ba kowa a ciki. Ƙararrawar wurin bautar Indiyawa da ta saba tashinmu ta yi shiru. Ruwa ya sauko da la'asar, ya ɗauke, gobe ma haka.

Ni ce 'yar fari a wurin Inna, kuma Inna mutuniyar da ce. Duk wanda ya tashi a irin gidanmu ya san abin da nake nufi. Ba ta taɓa kiran sunana ba. In tana nemana sai ta ce wa ƙannena, "Ku ce wa waccan ta zo ta ɗauki tuwonta." Ba ta zama kusa da ni a gaban mutane, ba ta haɗa ido da ni ko mu biyu ne. In na gaishe ta, tabarma take amsa wa. Ni ma na koya, don kunya ba ta mutum ɗaya ba ce: in ta kawar da kai dama, ni in kawar hagu. Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin ƙiyayya ba. Na san wa take zuba wa ƙashi mai ɓargo a miya ta ce wai kuskure ne.

Da muka zo nan, ƙanwata da ke zaune tare da ita ce mai kiranmu ta bidiyo, safiyarsu la'asar ɗinmu. In 'yata ce a gaban waya, Inna ta karɓa da hannunta, su yi ta tsokanar juna, tana yi mata dariyar Hausarta ta 'yan koyo. Ni kuwa in tashi in shiga kicin, ina jiyo su. In aka ce ga ni, sai Inna ta ajiye wayar a kan tabarma a tsakar gida, fuskar wayar na kallon sama. Abin da nake gani ke nan: sararin Kano, igiyar shanya, wani lokaci wutsiyar zanen wani. Muryarta ta fito daga gefe, "Ya mutanen Maleshiya? Ana dai lafiya?" In ce lafiya lau. Ta ce madalla, a yi ta haƙuri da zaman duniya. Shekara da shekaru ina hira da igiyar shanya.

A lokacin nan da tsofaffi suka yi ta tafiya a Kano, ana gab da azumi, Inna ta kwanta. Zazzaɓi, in ji su. Ba a jima ba ƙanwata ta kira, ba ta bidiyo ba, na kuwa san dalili tun kafin ta buɗe baki. Kafin mu yi sallar isha a nan an kai ta. Ba jirgi, ba hanya. Ko matan da muke tare da su a garin nan ba wadda ta iya tako ƙafarta. A waya aka yi ta yi mini gaisuwa, wasu ma saƙon murya suka turo. Maigida ya sayo shinkafa a wurin mamak, masu abincin nan Indiyawa Musulmi da ke ƙasan benenmu, ya ajiye a gabana. Zaman makokin ke nan. Ban taɓa jin kaɗaici irin na ranar ba.

Bayan Salla na ɗauko littafin zanen 'yata da fensirinta, na ce bari in zana Inna. Ba don bango ba, na san masu cewa zanen mai rai bai dace ba, maigida ma ya ɗan yi gyaran murya ya ƙyale ni. So nake in ga fuskarta, in daɗe ina kallo ba mai kawar da kai.

Hannuwanta suka fito tsaf, har da tabon ƙunar man gyaɗa a bayan babban yatsa. Na zana ƙeyarta da yadda take ɗaura kallabi ya karkata. Na zana faso a dugaduganta. Da na zo fuska sai fensir ya tsaya. Ba wai ban santa ba, cikin mata dubu zan tsamo ta. Amma gane mutum daban, zana shi daban. Mai zane sai ya ƙura ido, ya auna daga ido zuwa hanci, daga hanci zuwa leɓe, ni kuwa ban taɓa yi mata kallon da ya wuce na wutsiyar ido ba. Ni da na koya wa yara aji-aji yadda ake kallon fuska.

Na sa ƙanwata ta turo duk hotunan da ke akwai. A na biki ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. A wani ta juya tana yi wa wata magana. Na katin zaɓe kuwa wata tsohuwa ce a firgice, an ce mata kada ta motsa. Ba Inna a ciki.

Sai na tuna da Bafaranshen nan da madubinsa. Tun ina ƙarama ake cewa ni da Inna kamar an tsaga kara. To, in haka ne, ai fuskar tana wurina. Madubin kirki ɗaya ne a gidan, na banɗaki, a manne da bango. Na kai kujera can, na buɗe shafin Bafaranshen a kan wurin wanke hannu, shi yana kallona, ni ina kallon kaina. In maigida ya zauna gaban kwamfutarsa, 'yata ta shiga ajinta, ni in shige banɗaki. Har ya fara tsokanata wai na buɗe ofis.

Aikin ya yi kyau, ba yabon kai ba. Hannuna bai manta ba, wannan kaɗai ya sa ni kuka rana guda. Na bi hanyar Faransawan, layi mai tsabta, inuwa a hankali. Na ƙara wa fuskar shekaru inda shi ya rage wa tasa, na zurfafa kumatu, na sa kallabin ya karkata. Da na gama na kira 'yata, tunda ita ta fi ni sanin fuskar kakarta. Ta duba, ta ɗaga kafaɗa.

"Mama, that's you lah," in ji ta. "Ke ce kika tsufa. Kaka ba ta harara."

Gaskiya ta faɗa. Matar da ke takardar ta ƙura ido ƙur, irin na Bafaranshen. A nan na gane abin da ya sa yake kallon mutane haka, na kuma nemi afuwarsa a zuci. Ba rashin kunya ba ne. Wanda ke zana kansa ba shi da zaɓi, in ya kawar da kai madubi ya tafi da fuskar. Ni kuwa fuskar da nake nema ta mai kawar da kai ce. Na sake gwadawa, na sunkuyar da idanun a takarda da ka, sai ta fito kamar mai gyangyaɗi. Na rufe littafin na mayar da kujera falo.

An kwana biyu, wata rana ina tsinke alayyafo, 'yata ta zo ta tsaya a kaina da wayar babanta tana ba ni labarin abin da malamarsu ta ce. Ina amsa mata. Ashe hoto take ɗauka. Ta miƙo mini wayar tana dariya.

"Kin gani? Always like this. In ina miki magana sai ki riƙa kallon wani wuri."

Na karɓa. Na duba hoton da ta ɗauke ni. Inna ce. Kai a ɗan karkace, ido a ƙasa, baki a tsuke kamar mai ɓoye murmushi, kunne kuwa gaba ɗaya yana wurin mai magana. Ita ma 'yata 'yar fari ce. Na yi boko, na hau jirgi, ina kiran sunanta gatsal har Inna na cewa ba ni da ta ido, ashe wuyana bai yi boko ba.

Daga wannan hoton na yi zanen. Bai ba ni wahala ba ko kaɗan. Da na kammala na jingina shi a bango na zauna a gabansa, na ce, "Inna, ina wuni." Na sami abin da nake nema, haka na ɗauka. Na ɗauki hotonsa na tura wa ƙanwata, ina jiran ta fashe da kuka.

Ta kira ni. Ta ce, "Yaya, ya yi kyau wallahi. Amma mu ba haka muka san ta ba."

Na ce kamar yaya?

"Inna ai mai kallon mutum ce cikin ido. In tana dariya har wushiryarta ta ƙasa kina gani."

Ban san Inna na da wushirya a ƙasa ba. Na juya ina duba bakin da na zana. Ita kuma ta zaci haushi na ji, sai ta shiga lallashi, a cikin lallashin ne ta faɗi abin da ta ɗauka na sani.

"Ke ma ai tana kallonki, Yaya. Ke ta fi kallo. In ta ajiye wayar nan a tabarma, ba matsawa take ba. Gefe take komawa inda ba za ki gan ta ba, ta dafa ƙasa, ta leƙo. Tun daga sallama har ki kashe idonta na kanki. In an gama ta ce mini, waccan ta rame, ko waccan ta yi haske. Ran nan har cewa ta yi in ƙara hasken wayar."

Ban tuna yadda muka yi sallama ba. Na tuna dai ina zaune ina kallon zanen, ina lissafin abin da nake yi a duk waɗannan kiraye-kirayen. Ina kallon igiyar shanya, ina sosa ido, wani lokaci ina duba tukunya, fuskata a sake don na san ba mai ganina. Ashe a lokacin ne uwata take yi mini kallon da na yi ta nema. Akwai fuskar da take yi in tana kallona, ƙanwata ta gan ta, tabarma ta gan ta. Ni kaɗai aka yi wa ita, ni kaɗai ce ban gani ba, kuma ba madubin da zai ba ni ita. Na yi baƙin ciki a ranar fiye da ranar rasuwar.

Zanen yana nan cikin littafin, a shafin Bafaranshen, fuska da fuska. Shi yana kallo, ita tana kawar da kai. Ban san me zan kira shi ba, hoton Inna ko nawa.

Da la'asar ɗin ruwa ya sauko kamar kullum. 'Yata na zaune a teburi ta ba ni baya, abin sauraro a kunnenta, tana rubutu. Can na farga ashe na daɗe ina kallon ƙeyarta, da kitson da ya fara tsufa, da yadda take cije fensir. Ta ji a jikinta, ta juyo. Kafin in ankara idona ya sauka kan tayil.

Na ɗago shi da ƙyar, kamar mai ɗaga tulu.

"What, Mama?"

Na ce, "Ba komai. Cire abin kunnen nan. Kalle ni."