Yaya Hasiya, Wadda Ta Hana Ni Ajiye Karatu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Talata, 14 ga Oktoba, 2025, ina ofis wayata ta yi ƙara. Da na ga sunan maigidanki, Malam Abdurrahim, na san ba lafiya ba, domin bai saba kirana ba. Ya yi sallama, sannan ya ce, "Ilham, sai haƙuri. Yayarki ta cika." Bayan sallar Azahar aka sallace ki a Unguwar Dosa, aka kai ki makwancinki. Haka Allah Ya karɓi ran Hajiya Hasiya Sambo, ma'aikaciyar gwamnati a ɓangaren ruwan sha, ɗalibar digiri na uku, uwar 'ya'ya uku.

Ba mu haɗa uwa ko uba ba. A Kawo muka fara haɗuwa, ina tsaye a bakin titi da jakar littattafai ina jiran motar Zariya, kika tsayar da tsohuwar motarki kika tambaye ni ko jami'a za ni. Kafin mu kai Rigachikun kin san sunana, da ma'aikatar da nake aiki, da cewa ina digiri na biyu a kan karatun mata manya. Kika ce tun da hanyarmu ɗaya, daga yau in daina tsayuwa a rana. Tun daga ranar nake kiran ki Yaya, ke kuma ba ki taɓa gabatar da ni ga kowa ba sai da sunan ƙanwarki.

A shekarata ta biyu idanuna suka fara ba ni wahala. Yawancin maƙalun da ake ba mu a waya da kwamfuta suke, ni kuwa da na ɗan jima ina duba su sai idon ya yi ja, ya riƙa ruwa, kai ya ɗauki sara. Likita ya ba ni magani da tabarau, ya ce in rage kallon duk abin da ke haska ido. Na gwada buga takardun, suka fi ƙarfina don yawa. Wata rana muna dawowa, daidai Katabu, na gaya miki na yanke shawarar ajiye karatun. Sai kika gangara gefen titi kika kashe mota. Kika juyo kika ce, "Likita cewa ya yi ki rage kallon haske, bai ce ki daina karatu ba. Ki ba ni lokaci."

Ranar Asabar kika ɗauke ni muka shiga Babbar Kasuwa. Wani Bakano mai shagon wayoyi ya baje mana kwamfutocin hannu, yana ta yabon wata wai kyamararta biyu. Kika yi murmushi kika ce masa ba ɗaukar hoto ya kawo mu ba. Kika sa ya buɗe wata maƙala a ciki, kika ce in fita da ita bakin ƙofa in karanta. Ina fita rana ta shanye rubutun, ban ga komai ba sai fuskata. Muka yi masa godiya muka tafi.

Wanda ya san ki ya san ko wake ba kya saye sai kin ɗiba kin duba. Kika shiga tambayar ɗalibai da malamai, har kika gano akwai na'urar da don karatu kawai aka yi ta, fuskarta kamar takarda, ba ta dallare ido, cajinta kuma yana daɗewa ko da an ɗauke wuta. Ba ki yarda mu saya da jin labari ba. Kika aro wata 'yar ƙarama wajen Rilwanu, abokin karatunki. Na ƙaunace ta don rashin nauyi, amma da muka zuba maƙalun bincike a ciki sai rubutun ya koma kamar ƙwayar gero, in an ƙara masa girma kuma jadawali ya rabu biyu. Kika koma kika aro wata babba wajen wata malama, mai faɗin littafi, da alƙalaminta na jan layi da rubutu a gefe. Ni raina yana kan wata mai launi da na gani a hoto. Kika tambaye ni ko akwai abin da ke buƙatar launi a bincikena, na ce babu. Duk da haka ba ki yanke mini hukunci ba. Kika ce in riƙe ta aro na mako guda, domin ido nawa ne, shi zai faɗi gaskiya. A makon nan na karanta abin da na kasa karantawa a wata guda, kaina bai yi ciwo ba. Irin ta muka sa ƙanin maigidanki ya taho mana da ita daga Legas.

Duk wannan zirga-zirga kin yi ta ne naki aikin yana jiran ki. Bincikenki a kan ruwan rijiyoyi ne a sababbin unguwannin Katabu, inda gidaje ke ta ƙaruwa, famfo bai kai ba. Kikan shiga gida gida da 'yan kwalabenki, ki zauna a tabarma da matan gida, ki sha furarsu, ki ɗebi ruwan rijiyarsu. Ko'ina kika fita sai kin yi musu alkawarin za ki dawo ki gaya musu abin da gwaji ya nuna.

Bayan ƙaramar Sallah ciwon ajalinki ya bayyana. Kika rame, hannuwanki suka daina iya riƙe littafi. Da na zo duba ki a asibiti na tarar da kundinki a gefen gado, kina kallon sa. Washegari na kawo na'urar tawa, muka zuba babobinki a ciki, na jingina miki ita da matashi, na ƙara wa rubutun girma. Kika yi dariya kika ce ashe kanki kika yi wa zaɓe. Da jiki ya ƙara yin nauyi, ni nake karanta miki kina gyarawa ido a rufe. Ko waƙafi na tsallake sai kin tsayar da ni.

A watan Agusta na kare kundina. Kujerar da na so ki zauna a kai wata ce ta zauna. Ina fitowa na kira ki, muryarki can ƙasa, kika ce in fara gaya miki tambayoyin da aka yi mini kafin ki yi mini barka.

Zuwana na ƙarshe ba ki yi zancen digiri ba. Damuwarki ita ce gwaji ya nuna wasu rijiyoyin sun yi kusa da masai, ruwansu bai kamata a sha ba sai an tafasa, kuma yara suna nan suna sha. Kika riƙe hannuna kika ce, "Ilham, takarda za ta iya jira, su ba za su iya ba. Ki je musu."

Ranar addu'ar uku wasu mata suka zo daga Katabu a motar haya. Babbarsu, Inna Balaraba, ta ce su ba su san sunanki ba sai Hajiya mai kwalabe, da ƙyar suka gano gidan. Ta zauna ta yi kuka kamar ita ta haife ki. Asabar ɗin da ta biyo, da izinin malamin da ke duba aikinki, ni da Rilwanu muka bi gidajen nan ɗaya bayan ɗaya, Inna Balaraba tana gaba tana yi mana sallama. Mun isar da saƙonki, Yaya. A wani gida muna tsaye aka ɗora tukunyar ruwan sha a wuta.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarki, Hajiya Harira, da maigidanki Malam Abdurrahim, da 'ya'yanki Auwal da Nafisat da auta Sharhabil, da abokan aikinki da na karatu. Allah Ya ba mu haƙurin wannan rashi, Ya raya abin da kika bari bisa tafarkin gaskiya.

Allah Ya jiƙan ki, Ya gafarta miki kurakuranki, Ya sa ciwon da kika sha ya zama kaffara. Ya yalwata kabarinki, Ya haskaka shi. Yadda kika damu da abin da 'ya'yan mutane ke sha, Allah Ya shayar da ke daga tafkin Alkausara, shan da babu ƙishirwa bayansa. Idan tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani. Amin.