Koren Gini

Ƙosai nake soyawa a ƙofar gida, a Hanwa. Ban yi boko ba. 'Yata ce ta yi, har ta gama karatun zanen gine-gine a jami'a, a Samaru. Da kaskon nan na kai ta can bayan ubanta ya mutu.

Sai ta ce saura wata jarrabawa, in ta ci za a ba ta shaidar ƙwarewa a koren gini. Haka ta fassara mini, idonta a kan kwamfuta. Na ce mene ne shi. Ta ce, "Mama, ba za ki gane ba." Ban sake tambaya ba.

Ta ce abokan karatunta za su zo ran Asabar su yi bita tare. Na dubi bangonmu, hayaƙi ya mai da shi baƙi ƙirin. Masu koren gini ba za su zo su tarar da wannan ba. Na shiga shagunan PZ na sayo fenti kore shar. Tana Samaru na shafe bangon da hannuna, har ƙofar bayi.

Tare suka iso. Wani dogo mai tabarau ya dubi bango, ya dube ni da fenti har gwiwar hannu, ya riƙe ciki don dariya.

"Kai, gidan nan ya riga mu cin jarrabawa," in ji shi.

Suka ciro waya suna ɗaukar hoto. Ashe ba launi ake nufi ba. Gida ne da ba ya shan wuta da ruwa da yawa. Wannan daga baya na ji, ba daga bakinta ba.

Wata yarinya ta nuna ni da haɓa. "Wace ce wannan?"

'Yata ba ta dube ni ba. "Mai ƙosai ce. Haya take a nan."

Na goge hannu da kananzir, na kai musu ƙosai. Suka cinye.

Da suka tafi ta biyo ni tsakar gida. "Mama, ki tsaya ki ji."

Na shiga ɗaki na fito da akwatinta da kwamfutar, na ajiye a zaure.

"Malama, ɗaki ɗaya ne a gidan nan, kuma 'yar haya na ciki."

"Mama, jibi ne jarrabawar. Ina zan je?"

"Wurin masu ganewa."

Ta durƙusa tana kuka. Na ce ta matsa, fentin bai bushe ba.

A Palladan ta zauna, gidan wata ƙawarta. Wata 'yar cocinmu ce ta gaya mini ta ci jarrabawar. Na ce madalla.