Baba Ya Sa Filashi a Caji

Jama'a, ku ji abin da Baba ya yi min yau! Har yanzu raina a ɓace yake.

Gobe zan miƙa furojet a makaranta, kuma duk aikin yana cikin tsohuwar kwamfutar falonmu. Da safe na kunna ta. Allo baƙi ƙirin! Na kashe, na sake kunnawa. Shiru.

Na kira Malam Sani mai gyara. Ya ce, "Ina jin had-dis ɗin ne ya mutu. Kawo ta."

Innalillahi! Na kinkime ta a adaidaita daga Gwammaja har Ƙofar Ruwa, ina hawaye. Yana juya ta, sai ga ɗan filashi maƙale a baya. Ya zare, ya kunna. Ta tashi garau! Ashe daga filashin take ta ƙoƙarin tashi.

Na dawo na tarar da Baba a zaure.

"Baba, wa ya sa wannan?"

"Ni ne. Na tafsirina ne. Ya daina magana in na sa shi a rediyo, shi ne na sa shi caji."

"Haba Baba! Ai ba a yi wa filashi caji!"

Ya karɓa, ya jujjuya shi, ya harare ni.

"Wato bai ma cika ba kika cire min?"