Baba Siddiƙu Mai Hoto, Ka Kira Ni Sau Uku

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 17 ga Shawwal 1446, daidai da 15 ga Afrilun 2025, Allah Ya karɓi ran Malam Siddiƙu Sodangi, wanda mutanen Gawon Nama suka fi sani da Siddiƙu Mai Hoto. Yana da shekara saba'in da ɗaya. Ina gidan biki a Arkilla, kyamara a wuyana, aka buga mini waya. Ban san yadda na fita daga gidan ba. Kafin keke ya kai ni gidanka, Baba, maza har sun ɗauke ka.

Baba, yau kwana tara ke nan na kasa zama wuri ɗaya. In na ɗauki biro sai in ajiye, in zaga tsakar gida, in dawo. Wannan ma a tsaye na fara rubuta shi.

Ina da shekara ashirin da bakwai mijina ya rasu ya bar ni da 'ya'ya biyu. Kai aminin mahaifina ne. Bayan na fita takaba ka zo gidanmu da wata tsohuwar kyamara a cikin jakar fata, ka ajiye ta a kan tabarma.

"Jamilatu, ni ba ni shiga wurin mata in ana biki," ka ce. "Ke kina shiga. Ɗauki wagga, gobe ki taho shago."

Mahaifina malami ne, bai so ba. Sau huɗu ka zo kuna magana a zaure kafin ya amince. Abin da ka faɗa masa ban sani ba har yau, kuma ku biyun duk kun tafi.

A ɗakin duhunka na koyi aikin, wani ɗan lungu a bayan shago mai jan ƙwan lantarki ɗaya. Lokacin zafi maganin wanke hoto kan yi ɗumi ya ɓata fim, sai ka sayo ƙanƙara ka jera kwalaben a cikin baho, kai kana zufa, magani yana shan sanyi. Fim ɗina na farko gaba ɗaya ya ƙone, domin na buɗe bayan kyamara da rana tsaka. Ina kuka, kai kuwa ka tafi da ƙafarka ka ba uwar amarya haƙuri, ka ce laifinka ne da ba ka koya mini da kyau ba.

Ba ka taɓa zubar da nagatif ba, wato baƙin fim ɗin da ake fitar da hoto daga jikinsa. Na ga amfanin haka shekarar da ruwa ya ci ƙauyukan bakin gulbi. Wata tsohuwa mai suna Iyatu ta zo shago. Ruwa ya tafi da ɗakinta da rumbunta, har da hoto ɗaya tak na ɗanta Garba, wanda ya rasu tun da daɗewa. Abin da ta iya tunawa kawai, ka ɗauke shi hoton fasfo shekarar da zai tafi aikin soja. Kwana shida kana ɗaga fim ɗaya bayan ɗaya a hasken taga, masu son hoto suna zuwa suna komawa. Da ka wanke ka miƙa mata, ta daɗe tana kallo.

"Shi na," ta ce. "Wallahi shi na."

Ta kwance bakin zane za ta biya, ka ce ta ɗaure kayanta. Mako biyu bayan nan ta aiko maka da ƙwaryar shinkafa.

Da kyamarar zamani ta shigo, ni na fara barin fim. Na buɗe shagona a Sama Road, aiki ya yi yawa. Ba ka hana ni ba, amma kai ka tsaya a kan naka, kana aikawa Kano a sayo maka fim, har ranar da idonka ya fara gazawa.

A nan ne zuciyata take ƙin kwanciya. Kwali goma sha ɗaya ne a shagonka, cike da ambulan na nagatif, aikin shekara arba'in da wani abu. Mafi yawansu shekara kawai ka rubuta a kai, domin sunayen suna cikin kanka. Bara ka kira ni ka ce in zo mu zauna, ni in ɗaga fim in faɗa maka abin da na gani, kai ka faɗi suna in rubuta. Na ce sai bayan bukukuwa. Ka sake kira kafin azumi, na ce sai an sha ruwa. Na uku ranar Salla ne da na je gaishe ka, ka riƙe hannun jakata ka ce, "Yaushe za ki zaka?" Na ce mako mai zuwa.

Ranar addu'ar uku, matarka Inna Halimatussa'adiyya ta ja ni ɗaki ta sa mini makullin shagonka a hannu.

"Bai yi hushi da ke ba," ta ce. "Cewa yay yi aiki na ya yi miki yawa."

Da fushi ka yi, da ya fi mini sauƙi.

Jiya na buɗe shagon. Ambulan na farko da na zaro, wani dattijo ne zaune a kan damin gero, yana dariya, yarinya a cinyarsa. Na kai wa Inna, ba ta san shi ba. Na zaga maƙwabta, babu wanda ya gane shi. Watakila yarinyar tana nan da rai, tana da jikoki, ba ta san akwai fuskar ubanta a cikin kwali ba.

Don haka ina roƙon duk wanda Baba Siddiƙu ya taɓa ɗauka hoto, shi ko iyayensa, ya zo. Zan riƙa buɗe shagonsa kowace Asabar daga safe zuwa azahar. Ku zo da tsofaffinku tun suna iya ganewa.

Allah Ya jiƙan ka, Baba, Ya yafe maka kurakuranka, Ya yalwata kabarinka, Ya sa Aljannar Firdausi ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Halimatussa'adiyya, da 'ya'yanka Abdulshakur da Sadiya, da jikoki da dukan dangi. Allah Ya ba ku haƙuri. Ni kuma ku sa ni a addu'a, Allah Ya ba ni ikon gama abin da ya kira ni in yi.

Jamilatu Aminullahi,
Arkilla, Sakkwato.