Koren Murjanin Baba Mai Gishiri

Kafin maƙwabtansa na layi su gama ɗaga ƙofofin shagunansu, Baba Mai Gishiri ya riga ya shiga nasa. Ba ya gaisawa da kowa sai ya fara gaisawa da ruwa. Yakan bi tankunan gilashin nan ɗaya bayan ɗaya, ya ɗora bayan hannu a jikin kowanne ya ji ɗuminsa, ya kara kunne ya saurari famfon da ke kaɗa ruwan. Daga nan ya ɗiga ruwa a kan ma'aunin gishiri, ya ɗaga shi wajen hasken ƙofa, ya kanne ido ɗaya. Sunan ma a rigarsa ya samo shi, domin duk rigar da ya mallaka tana da farin tabon gishiri a hannu da ƙirji, har 'yarsa ta gaji da faɗa ta bar shi da kayansa.

Sana'arsa ita ce haɗa wa mutane ɗan guntun teku a cikin ɗaki: ƙaramin tankin ruwan gishiri, da dutse, da murjani mai rai, wata halittar teku da ke manne wa dutse, da kifi biyu ko uku. A ƙarshen watan nan zai rufe shagon, idanunsa sun gaza. Shi ya sa ya kamata a faɗi aikinsa tun yana ji da kunnensa, don mu mutane ne da ba mu iya yabo ba sai mai abin ya kau.

Telan da ke fuskantar shagon ya ce bai taɓa ganin ɗan kasuwa mai korar ciniki irinsa ba. Mutum zai shigo ido na ƙyalli, ya nuna gilashi.

"Baba, wancan kifin mai ruwan lemo nake so, da wancan shuɗin."

"Ina gidansu?"

"Ai yau ɗin nan zan sayi tankin."

"To yau ka sayi tankin. Kifi kuma sai ruwa ya nuna."

Sai ya zaunar da mutum a kan benci ya fara daga matata, ba daga kifi ba. Yakan ce ƙaramin tanki ƙaramar tukunya ce, ita ke saurin tafasa, ita ke saurin ƙonewa. In mai saye ya maƙale wa babban injin kumfa, wanda ke tsamo datti daga ruwa ya tara a kofi, Baba ya mayar da shi kan kanta. "Wannan na gidan sama ne, ɗana, kai kuwa ɗaki ɗaya gare ka. Canjin ruwa a kai a kai ya ishe ka." Abin da yake haɗa wa mutum bai da yawa: dutse mai ramuka, 'yar matata mai rataya a bayan gilashi da soso da gawayi a ciki, famfon da ke kaɗa ruwa, hita mai ɗumama shi, sai fitila mai kyau saboda murjani da haske yake rayuwa. A ƙarshe ya yanko guntun tsohon soso daga nasa tankin, mai ruwan ƙasa, mai ƙarni, ya ƙulle a leda ya ba da shi kyauta. Yakan ce ainihin matatar ba a ganinta da ido. Wasu ƙananan halittu ne ke zaune a soso da ramukan dutse, su ke cinye gubar da kifi ke fitarwa, sai sun yawaita ake cewa ruwa ya nuna. Wanda ya wanke su da ruwan famfo ya kashe ma'aikatansa da hannunsa.

Baba, kai ne mai haƙurin da ya koya wa masu gaggawa zama. Kai ne ka sa manyan mutane suka yi makonni suna kallon tanki ba kifi, suna gunaguni, daga baya suka dawo suna godiya. Amma abin baƙin cikin shi ne, kai da ka koya wa rabin gari, akwai tanki ɗaya da ba ka taɓa koya wa kowa ba.

Wannan tankin yana ɗakin wankin ƙoda na wani asibiti. Mai ɗakin Baba ce sanadinsa. Lokacin da ciwo ya kama ta, takan kwanta sa'o'i a jikin inji, jini na fita yana komawa, ba abin kallo sai bango. Wata rana ta ce masa, "Malam, bangon nan na haddace shi. Na san duk inda fenti ya ɓare." Ya nemi izini, ya kawo ƙaramin tanki ya aje daidai inda idonta ke sauka. A nan ya yi zaɓen kaya mafi wuya a rayuwarsa. Ya bar famfo mai ƙarfi ya ɗauki wani ƙarami marar ƙara, don kunnen marasa lafiya ya riga ya ƙoshi da kukan inji. Ya rage hasken fitila yadda ba za ta soki idon wanda ke kwance ba. Sannan ya kwaso koren murjanin da ita kanta ta rena a gida tun yana kamar farcen yatsa, duk bai rage ko ƙwaya ba. Irin murjanin nan ne da ke shimfiɗa a kan dutse, in haske ya zo ya buɗe kamar ciyawa bayan ruwan farko, in an taɓa shi ya rufe ya zama fata mai ruwan hoda. Ya haɗa da kifi biyu masu ruwan lemo da farar ɗamara.

Allah ya karɓi abarsa, gadon asibitin ya koma na wasu, Baba bai daina zuwa ba. Duk mako yana tafe da jarkar ruwa da ya haɗa a shago, ya canza, ya matse soso a cikin tsohon ruwan, ya goge gilashi, ya ɗan tsaya, ya tafi. Marasa lafiya suka sa wa kifayen suna, suna gardama a kan wanne ne mijin. Sistar da ke shugabantar ɗakin ta sha ce masa, "Baba, ka nuna mana yadda ake yi mana, ko don wata rana." Sai ya yi murmushi ya ce, "Ku ji da mutane, 'yata, ni in ji da ruwa." Gaskiyar ita ce ba ya son hannun kowa a ciki. Na marigayiyar ne, kuma shi kaɗai ya rage masa.

Wata ranar kuwa ta zo. Aka yi masa aikin ido, likita ya hana shi sunkuyo da ɗaukar kaya, 'yarsa ta ɓoye makullin babur ta zauna a kai. Makonni suka shuɗe. Soso ya toshe, ruwa ya rage gudu, wata dauɗa-dauɗa ta hau gilashi da duwatsu. A ɗakin da ake buɗe jijiyar mutum, datti abokin gaba ne, kuma abin da Sista da ma'aikatanta suka sani ke nan tun suna makaranta. Don ƙauna suka yi, don ya dawo ya tarar da kayansa fes. Suka kwashe kifi da dutsen murjanin a roba, suka jiƙa soso da sauran duwatsu a maganin kashe ƙwayoyin cuta, suka dirje, suka ɗauraye, suka mayar. Famfon kaɗai suka bari saboda tsoron wayar lantarki. Ruwa ya yi garau, kowa ya yaba. Garin neman gira aka rasa ido. Cikin 'yan kwanaki kifayen suka taso sama suna haki, suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Murjanin ya rufe bai sake buɗewa ba, sai ya fara saɓulewa daga dutse.

Ranar da Baba ya dawo, da baƙin tabarau, 'yarsa na riƙe da hannunsa, tun daga ƙofa hancinsa ya gaya masa. Ya laluba ya taɓa dutsen, ya ji shi sumul. Sista ta tsaya a gefe, mace mai tsawatar wa likitoci, hawaye na bin kumatunta.

"Baba, ni ce na ba da umarni. Ka yafe mini."

Ya nemi kujera ya zauna. Ba kifin yake ji ba, ji yake kamar an sake yi masa rasuwa.

"Abin da ke ceton rai a ɗakin nan shi kuka yi, 'yata," in ji shi. "Sau nawa kika tambaye ni? Ni ne na yi rowa. Na riƙe abin kamar ba zan taɓa kwanciya ba."

Ya ce a kawo bokiti a kwashe tankin, ya gama. Da ya sa hannu zai ciro ɗan famfon nan marar ƙara, wanda ya daɗe yana cewa zai canza saboda tsufa, sai yatsansa ya ji wani kaushi a bayansa, inda ruwa ya fi gudu. Ya tsaya cak.

"'Yata, duba mini nan. Me kike gani?"

Ta sunkuya. "Wata 'yar fata ce, Baba, mai ruwan hoda. Ba ta wuce farcen yatsa ba."

Murjanin ne ya yaɗu zuwa jikin famfon ba wanda ya lura. Baba ya mayar da shi cikin ruwan a hankali. Washegari ya dawo da sabon ruwa da guntun tsohon soso daga shago, amma wannan karon bai taɓa komai ba. Ya zauna, ya sa Sista ta naɗe hannun riga. Da bakinsa ya bi da ita: a matse soso a ruwan tankin kawai, in ruwa ya ragu a cika da tataccen ruwa marar gishiri don gishiri ba ya tashi sama, kada a sa kifi sai ruwa ya sake nuna. Abin da ya ƙi faɗa shekara da shekaru, hantsi ɗaya ya ishe shi faɗa, kuma wannan ne ya fi yi masa ciwo.

Baba Mai Gishiri, mun gode. Kai ne ka kai teku ɗakin da mutane suka haddace bango. Mun yi ta wuce ka da jarkarka muna ɗauka mai wankin gilashi ne kai, ba mu tsaya mun ce sannu ba. Allah ya saka maka, ya ji ƙan wadda ta rena koren nan. Wanda duk ke da wani sani a hannunsa, ya dubi Baba ya koyi haƙurinsa, ya kuma koyi abin da shi ya koya a makare: a miƙa tun ido na gani. Wanda kuma ke cin moriyar irinsu, ya tambaya, in an hana shi ya sake tambaya.

Aikin idon bai yi abin da aka so ba. A makon jiya 'yarsa ta kai shi ɗakin da safe, aka kunna fitilar tankin, ya matso har goshinsa ya taɓa gilashi. Haske kawai yake gani.

"Ya buɗe?"

"Ya buɗe, Baba," in ji Sista. "Kore shar."

Ya gyaɗa kai, ya zaro ma'aunin gishirin daga aljihunsa, ya laluba tafin hannunta ya sa mata.

"To ki riƙa kallonsa a madadinmu, ni da ita."