Ranar da Aka Hana Ni Cin Dambu

Har na yi ritaya ban manta da ranar da ’yar shekara huɗu ta gyara mini aiki ba. Lokacin ni mai ba malamai shawara ne a ofishin ilimi na jihar Tawa. Bayan girbi sufeto ya kira ni, ya ce an samu taimakon gina aji ɗaya tak, in je in gwada jardan uku na gwamnati, wato lakwal, makarantar yara ƙanana kafin su shiga aji ɗaya, in faɗi wadda ta cancanta. Ya miƙa mini takarda mai gidaje: kujeru, kayan wasa, Faransanci, tsabta. Kowane gida da makinsa.

Na fara da Buza. Yara tsaf, kowa da kujerarsa. Ina shiga suka miƙe da gaisuwar Faransanci: “Bonjur mushe!”, wato barka da kwana malam. Na tambayi wata sunanta da Faransanci, ta ce, “Bonjur mushe!” Na tambayi shekarunta, amsar dai ita ce. Duk da haka na ba su maki mai tsoka. A Tamaske kayan wasa na tarar cike da kabad, aikowar ’yan cirani, amma an kulle don kada yara su ɓata. Na ƙirga su ta gilashi, na ba da maki.

Ta uku tana wani ƙauye bayan Babankatami. Rumfar kara ce, yara bisa tabarmi, malamarsu Madan Rabi tana koya musu ƙidaya da ƙwallon goriba. Na duba babu famfo, na dangwara sifili a gidan tsabta.

Da hantsi matan gari suka kawo mini dambu. Na nannaɗe hannun riga, sai na ji an riƙe ni. Wata ’yar ƙarama ce, Sa’a, ta ɗaure fuska.

“Baba, ba ka wanke hannu ba.”

“Ɗiyata, na wanke tun Buza.”

“Ka taɓa mota, ka gaisa da maigari. Muna ganin ka.”

Madan Rabi ta rufe baki da gyale. “Mushe, ka yi haƙuri. Ni ma ba su bari na.”

Suka rako ni bayan rumfa da waƙa. Ashe wata jarka ce aka rataye a icce, ka taka sanda ruwa ya zubo, ga toka a gwangwani. Uwaye ke cika ta bi da bi daga rijiya mai nisa. Na wanke, Sa’a ta duba tsakanin yatsuna, ta ce in sake. Na sake.

Da na koma, sufeto ya duba makin ya ce, “To, Buza ke nan.”

Na ce, “Ranka ya daɗe, takarda ta ce Buza. Ni na ce ƙauye.”

“Hujja?”

Na ba shi labari. Ya yi dariya har da hawaye, ya ce in rubuta rahoto, amma in sa cewa sau biyu na wanke. Kafin damina aka gina ajin a ƙauyen.

Ku matasa, in an aike ku gwada lakwal, ku cika takardarku, aikinku ne. Amma ku zauna har a kawo abinci. Abin da malama ta koyar a jikin yara yake, kuma su ba su san kunyar babban baƙo ba.